Kwamfutar Rabi-da-Rabi

Nienke na tsakiyar jan baitin ƙarshe, idonta a rufe, bakinta dab da makirfo, sai fankokin kwamfutar suka ɗauki gurnani kamar injin markaɗe. Kafin ta buɗe ido allon ya yi baƙi ƙirin.

Kwamfutar ta sake mutuwa...

Ta zare abin kunnen ta zauna daɓas a bakin gado. Ranar Juma'a makarantar kiɗa za ta rufe karɓar waƙoƙin masu neman gurbi, ga shi ko ɗaya ba ta kammala ba. Amma ba wannan ne ya fi cin ranta ba. Wanda ya haɗa mata kwamfutar, Tijmen, tun shekaranjiya ta kore shi daga ɗakin nan da bakinta, kuma har yau bai ɗaga wayarta ba.

Tare suka yi mafarkin kwamfutar nan. Ita tana son abin haɗa kiɗa, shi yana son abin buga gem, aljihunsu kuwa ko na mutum ɗaya ba zai sayi sabuwa ba. Sai suka ce su haɗa guda, rabi da rabi, daga kayan hannu. Ranar bikin Sarki, da duk birninsu na Groningen ya fito cikin kaya ruwan lemo kowa ya baza tarkacensa a kan bargo yana sayarwa, suka tsinci akwatin kwamfutar a wurin wata tsohuwa. Tijmen ya ɗaure shi a bayan keke, ya tuɓe rigar ruwansa ya lulluɓa masa, shi ya iso gida sharkaf yana dariya. Sauran kayan ɗai-ɗai suka tara. Katin hoto kuwa, wanda shi ne ran wasan gem, Tijmen ya ce nasa zai kawo, wanda ya shekara yana rabon kaya a keke kafin ya mallaka.

Nienke ba ta da wasa kan maganar rabi da rabi. Ko soyayyen dankali suka ci a hanya sai ta tura masa rabin kuɗin kafin su goge baki. Haka mahaifinta ya rene ta.

Shi kuwa mahaifin, Hoekstra mai gyaran fiyano, ko kaɗan Tijmen bai kwanta masa ba. Bai kuma taɓa ɓoyewa ba, don ba ɗabi'arsa ba ce. Ya ce ƙaton namiji da gemu ya zauna yana harbin aljanu a allo, wannan ba miji ba ne, ɗan reno ne. Kullum shida ta yi zai leƙo daga ƙasan matakala ya ce za su ci abinci. Kowa ya san fassarar wannan: baƙo ya ɗauki jakarsa. Dankalin gidan ƙidayayye ne, na mutum biyu.

Da kwamfutar ta fara mutuwa, Baban ne ya kirawo Bastiaan, ɗan amininsa mai shagon kwamfuta, wanda ya daɗe yana zagaye Nienke kamar kyanwa da kwanon kifi. Ya zo fes da shi yana ƙamshi, ya buɗe akwatin, ya haska fitila, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya girgiza kai cikin tausayi na ƙarya. Ya ce ƙwaƙwalwar kwamfutar ƙonanniya aka sayo mata. Ya ce katin hoton da ke ciki ma ba shi ne wanda aka yi mata alkawari ba, wani tsohon ƙaramin abu ne. Na kirkin kuwa, wai da idonsa ya ga Tijmen ya sa a kasuwa ya sayar.

Da Tijmen ya zo da yamma ta tare shi tun daga ƙofa.

"Ka sayar da katin?"

Kunnuwansa suka yi ja.

"Tijmen, tambayarka nake."

"Na sayar."

"Ina kuɗin suka shiga?"

Ya buɗe baki ya rufe. Wannan shirun ne ya tunzura ta, ta faɗi abin da har yanzu take da-na-sanin faɗa. Ta ce ashe Baba ya fi ta gani, ta zuba guminta ya haɗa mata bola, ya soke riba a aljihu.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya dube ta kawai ya ce, "In har kin yarda zan cuce ki, Nien, to ba kwamfutar ce ta lalace ba." Ya sauka matakala a hankali, ta ji ƙarar sarƙar kekensa.

Yanzu ga saƙon Bastiaan ya shigo wayarta: zai zo anjima ya kwashe tarkacen, ya kawo mata sabuwa aro, daga nan su wuce cin abinci su biyu.

Ta kifa wayar. Tsoro ne fal ranta, tsoron kada ya zama gaskiya Tijmen ya cuce ta, da wani tsoron da ya fi shi girma, kada ya zama bai cuce ta ba.

Kafin a ɗauke akwatin, gara ta gani da idonta. Ta jira ya huce, ta ɗauko sukudireba. Ta kwantar da shi a kan tebur yadda Tijmen ya koya mata, ta taɓa ƙarfen hita don sauke wutar jikinta, ta cire murfin. Ga babban ƙarfen sanyaya nan zaune a kan ƙwaƙwalwar, da faffaɗar fankarsa. Wannan ita ta ɗaura shi da kanta. Ranar Tijmen ya fita sayo musu abinci, ta ce bari ta ba shi mamaki, ya dawo ya tarar ta gama, ya ɗaga ta sama yana kiranta injiniya.

A gefen ƙarfen ta hangi wani ɗan kunne mai sheƙi ya leƙo, an lanƙwasa shi an tura ciki. Daidai inda yatsan Bastiaan ya tsaya ranar nan.

Ta kwance kusoshin, ta ɗaga.

Leda...

Siririyar leda ce manne a gindin ƙarfen, ta yamutse da zafi, da jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a cire kafin a ɗaura. Duk zafin da ƙwaƙwalwar ke fitarwa, ledar nan ta tare shi. Shi ya sa fankoki ke ihu, shi ya sa kwamfutar ke kashe kanta don kada ta ƙone.

Ba Tijmen ba ne. Ita ce. Kuma Bastiaan ya gani, ya tura kunnen ledar ciki ya ja bakinsa.

Ko rigar ruwa ba ta ɗauka ba. Ta wuce Babanta a falo yana tambayar ina zuwa, ta haye keke cikin yayyafi, iska na tura ta baya tana tura kanta gaba. Duk hanya tana lissafin abin da za ta ce, duk wanda ta haɗa sai ya wargaje. In Tijmen ya ƙi buɗe ƙofa fa? In ya buɗe ya dube ta irin kallon ranar nan fa?

A ƙofar gidansu ta same shi, durƙushe yana facin tayar keke. Ya ɗago, ya mayar da kai.

Ta miƙa masa ledar a tafin hannunta.

Ya daɗe yana kallonta. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne.

"Injiniya," ya ce a hankali.

Nan hawayen suka ɓalle. Ta ce ita ce, ita ta manta, ta kuma ɗora masa laifin, ta saurari wanda bai kai a saurara ba. Ta ce ba ta zo don ya gyara mata komai ba, Juma'a ta zo ta wuce in ta ga dama.

"Ka yafe mini, masoyi... ko ba yau ba."

Ya goge hannunsa da tsumma, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Ba ki sake tambayata katin ba."

"Ba sai na sani ba."

"Sai kin sani. Ƙarfen da kika ciro wa ledar nan, shi ne katin. Shi da fankokin marasa ƙara. Da ƙarfen farko da muka yi niyyar saye ne, duk waƙar da kika ɗauka sai an ji huci a bayanta. Na lissafa na ga kuɗinmu ba za su kai ba."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ke? Da kafin in rufe baki kin turo mini rabi. Ki samo a ina? Makirfonki za ki sayar, na san ki."

Gaskiya ya faɗa.

"Gem ɗinka fa?"

"Aljanun suna nan, ba inda za su. Suna ɗan tafiya da ɗingishi ne kawai." Ya miƙe, ya share mata kumatu da bayan hannu, ya bar mata baƙin mai a fuska. "Ki daina kuka, zuciyata. Ragowar man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar yana aljihuna tun ranar nan. Ba ki da yadda za ki yi sai da ni."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kifa kai a ƙirjinsa.

Da suka koma ɗakinta, tare suka goge tsohon man, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ita ta ɗaure kusoshin. Bastiaan ya buga ƙararrawa suna tsaka da aiki. Nienke ta sauka, ta sa masa ledar a hannu a gaban Babanta, ta ce ya yi mantuwa ranar nan. Ya yi ta kame-kame, Hoekstra na kallonsa ta saman tabarau har ya juya ya fita.

Da za ta danna maɓallin kunnawa hannunta ya ƙi. Tijmen ya ɗora nasa a kai, suka danna. Allo ya kawo haske. Ta buɗe waƙar nan mai nauyi da ke kashe ta kullum, ta sake ta tun daga farko, ta riƙe numfashi. Baitin farko ya wuce, na biyu ya wuce, na ƙarshe ya zo ya sauka lafiya.

Sai suka ji takun Baba a matakala. Shida ta yi. Tijmen ya kai hannu ga jakarsa.

Hoekstra ya tsaya a bakin ƙofa, ya karkata kai yadda yake yi wa fiyano, kunnen da ko sauro ya yi tari a ɗaki sai ya ji. Ya daɗe a haka.

"Ba ku kunna ta ba ne?"

"Tun ɗazu take aiki, Baba."

Ya matso, ya sunkuya ya kara kunne a jikin akwatin. Nienke ta gaya masa da me aka sayi wannan shirun. Tsohon ya miƙe, ya dubi Tijmen daga sama har ƙasa, ya ce har yanzu dai harbin aljanu ba sana'a ba ce. Ya juya zai sauka, ya tsaya a matakalar farko bai waiwayo ba.

"Ajiye jakar nan, yaro. Nienke, zo ki fere ƙarin dankali."