Rijiyar Gabas da Gougaram

Rana ta faɗi a Arlit, Lalla tana hura gawayin shayi a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo baya. Da ta ɗauki ɗaya, sai ta ji shi jiƙe sharkaf, alhali garin ya yi wata tara bai ga ruwan sama ba.

Mijinta Alkassoum direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a kamfanin ma'adinai. A shekarun tawaye ya riƙe bindiga cikin duwatsun Aïr, amma bai taɓa ba kowa labarin ba. Ya dubi dutsen, ya ajiye kofinsa.

Kwana shida ana jifan, kullum da magariba. A na bakwai 'yarsu Radiyya ta faɗi a bakin randa, ƙafafunta suka sandare. Aka kira Malam Ahmudu, mutumin Tahoua. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ta buɗe baki, da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

"Ni ne mai rijiyar gabas da Gougaram."

"Me yarinyar nan ta yi maka?" in ji Malam.

"Tambayi ubanta. Nakiya uku ya binne a hanyar rijiyata, yana jiran sojoji. Sojoji ba su zo ba. Tsohuwa Aïcha ce ta zo da jakunanta. Shekara arba'in tana yi mini sallama kafin ta jefa guga. Ni na tattara abin da ya rage nata."

Lalla ta juya ta kalli mijinta. Ya sunkuyar da kai.

"Ƙafafun 'yarsa nake so."

"Ka ji tsoron Allah," in ji Malam. "Ba a ma haife ta ba a lokacin."

Muryar ta ce, "Biyu na nan a ƙasa har yau. Ya je ya tono su da hannunsa. Shi kaɗai."

"In ya tono, za ka fita?"

"Zan fita. Ban ce na yafe ba."

Da safe Alkassoum ya kama hanya. Bai manta wurin ba. Nakiyar farko ta fito lafiya. Ta biyu ta tashi da hannunsa na dama har gwiwa. Makiyaya ne suka ji ƙarar, suka kawo shi gari a bayan mota. A wannan hantsin Radiyya ta miƙe da ƙafafunta, ta nemi ruwan sha.

Bayan sati biyu ta je duba shi a asibiti. Ta tsaya nesa da gadon, ba ta gaishe shi ba. Duk abin da aka faɗa da bakinta, ta ji.

"Baba," ta ce, "tsohuwar nan, tana da 'ya'ya?"

Alkassoum ya juyar da fuskarsa bango.