Kujera ta Huɗu a Layin Iyali

Shekara ashirin da shida ke nan ina wanke rigunan 'yan ƙwallo a kulob ɗaya, kuma na ga masu kwaɗayi iri-iri sun shigo sun fita. Yawancinsu dariya suke ba ni. Bahago ne kaɗai idan na tuna shi abinci yake fita raina.

Muna kiransa Bahago saboda ƙafar hagunsa, wadda take ajiye ƙwallo duk inda ya ga dama. Shekara tara ya yi mana wasa a tsakiya. Kulob ɗinmu ƙarami ne, filin da ruwa yake kwanciya a kusurwa ɗaya in an yi sama, amma ana biyan albashi a kan lokaci. Yana da shekara talatin da ɗaya kwantiraginsa ya zo ƙarewa. Shugaban kulob ya kira shi ofis ya ajiye masa takarda: ƙarin shekara biyu a kan albashinsa na da, kuma in ya rataye takalmi a ba shi horar da matasa.

Daga ofis ɗakin wankina ya zarto, ya zauna a kan bencin da ke tsakanin injina biyu.

"Kawu, ka ga rainin hankali? Shekara tara, ko sisi ba su ƙara ba."

"Sa hannu," na ce masa. "Ni na san ƙanƙarar da gwiwarka take sha bayan kowane wasa. Wa zai sayi tsohon doki?"

"Waɗanda muka fara tare suna manyan kulob, Kawu. Ni fa? In mutu ina koya wa yara ɗaure igiyar takalmi?"

Babansa ya ce ya sa hannu. Yayansa, direban tasi, ya ce ya sa hannu. Matarsa ma haka. Mutum ɗaya ne ya ce kada ya sa, wato dillalin da yake nema wa 'yan wasa kulob, wani mai turare da yawa da kunya kaɗan. Shi ya ce masa a shekarunsa ba ƙafa ce za ta kai shi babban kulob ba, sai an haɗa da wani abu, kuma ya san mai abin.

Abin da ya faru a can, daga bakin Bahago na ji shi, bayan komai ya lalace.

Da tsakar rana suka je. Wurin yana bayan shagunan masu faci, sai ka bi ta tsakanin tarin tsofaffin tayoyi kafin ka ga ƙofar langa-langa. Dillali ya tsaya a waje. Cikin ɗakin ba taga, sai fitila ɗaya, kuma duk zafin da ake yi a titi, ciki sanyi ne mai shiga ƙashi. Daga rufi takalman ƙwallo ne rataye da igiyoyinsu, sun fi hamsin, duk sun yi fumfuna, ba guda biyu da suka dace da juna. A tsakiya tukunya ce cike da baƙin ruwa. A ƙurya kuma kujerar katako, an lulluɓe ta da jan ƙyalle, ta juya wa ƙofa baya.

Bokan ɗan ƙaramin mutum ne mai tsabta, da tabarau a karan hanci, yana yanke farce. Bai ɗago kai ba ya ce, "Cire na hagu."

Ya sa shi ya tsoma ƙafar a tukunya har idon sawu. Ya zare igiyar takalmin ya ɗaure ta a ƙafar kujera, ƙulli uku, yana magana ƙasa-ƙasa da wanda ba a gani. Takalmin kuma ya rataye shi cikin 'yan'uwansa. Sannan ya ce Bahago ya zauna a ƙasa kusa da kujerar. Yana zama ya ji gefen jikinsa da ke wajenta ya yi sanyi ƙalau.

"Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar kuɗi."

"To dabba? Rago? Sa?"

"Mai kujerar nan ba ya son jini. Kallon ƙwallo yake so." Boka ya hure farcensa. "Tikiti nawa ake ba ku na iyali?"

Ga wanda bai sani ba, kowane ɗan wasa ana ba shi tikiti huɗu kyauta a duk wasan gida, kujeru huɗu a jere, a wurin da ake kira layin iyali. Bahago ya ce huɗu.

"Ɗaya nasa ne. Kujera ta huɗu, ta ƙarshe. Kada kowa ya zauna a kanta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da za ka bayar da hannunka."

Bahago ba wawa ba ne, ya ji yadda maganar ta fito. Ya ce, "Har yaushe?"

"Har ranar da takardar da za ka sa wa hannu ta ƙare. Ta ƙare, ya tashi ya tafi. In ka ƙara, ya ƙara."

Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Washegari ya mayar wa shugabanmu takardarsa ba sa hannu. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe, ya rungume ni yana dariya.

Kafin sati uku wani babban kulob a wani gari mai nisa ya ɗauke shi, shekara biyu. Gwiwar ta daina ciwo. Mutumin da a wurinmu yake cin ƙwallo uku a kaka, sai ga shi yana ci duk sati. Ya sayi gida mai bene, ya kwaso babansa da yayansa da matarsa da 'yarsu, wadda suke kira Ƙarama. Ni ma ya aiko mini da waya sabuwa, wadda har yau ban iya rabin abin da ke cikinta ba.

Ranar wasa yakan ba su tikiti uku, ya ce na huɗun na wani babban mutum ne da ya taimake shi, wanda bai cika zuwa ba. Ƙarama a gida ake barinta. Matar takan zauna a ta farko, Yaya a ta biyu, Baba a ta uku.

Tsohon ya fara ƙorafi tun wasa na biyu. "Wannan filin naku wane iri ne? Ɓari ɗaya na jikina kaɗai yake jin sanyi." Aka saya masa rigar sanyi, aka yi dariya. Ya rame, ya daina hira, likitoci suka duba ba su ga komai ba. A wata na biyar ya rasu a zaune a falo.

Bayan zaman makoki Yaya ya matsa kujerar Baba, don ya ce nan ya fi jin kusanci da shi. Ba a yi wata biyu ba matar Bahago ta lura yana juyawa wajen kujerar da ba kowa yana bayanin wasa, har yana miƙa ruwa. Daga nan ya fara tsayar da motarsa a titi, ya fita ya buɗe ƙofar gaba, ya jira wani ya shiga, ya rufe a hankali. Bayan kusan shekara guda, wata rana aka same shi a gareji ya kwana biyu a cikin mota yana ba kujerar fasinja haƙuri. Yana asibitin masu taɓin hankali har yanzu, kuma bai san ƙaninsa ba.

A lokacin ne Bahago ya kira boka a waya.

"Me ka yi wa 'yan'uwana?"

"Ni? Ba ni na raba tikiti ba. Baƙo ba ya son zama shi kaɗai, wanda ya zauna kusa da shi ya zama abokinsa. Saura wata shida takardarka ta ƙare. Ka yi haƙuri ya tafi."

Daga ranar ya hana matarsa zuwa fili, bai faɗa mata dalili ba. Ta yi kuka, ta yi zaton kunyarta yake ji yanzu da ya zama babba. Ya bar ta da zatonta. Yakan ci ƙwallo, fili ya ɗauka da ihu, abokan wasa su juya suna ɗaga wa iyalansu hannu, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya koma tsakiya. A gida yana cin abinci shi kaɗai a ɗakin sama. Ya ce mini a watannin nan ba wanda ya yi masa magana fiye da gaisuwa sai mai gadi.

Saura wata ɗaya ya fita, kulob ya ajiye masa sabuwar takarda: ƙarin shekara uku, albashi ninki biyu.

Matarsa ta roƙe shi. "Don Allah ka ƙi. Garin nan ya cinye mana Baba, ya cinye mana Yaya. Abin da muka samu ya ishe mu, mu koma gida."

Sai ya kira ni. Wannan ne wurin da yake ci mini rai.

"Kawu, sun ba ni ƙarin shekara uku. Me ka gani?"

Ni da ban san komai ba, na ce, "Kai, wancan karon ka ƙi jin maganata ka ci sa'a. Wannan karon sa hannu kafin su farka."

Ya ce, "In akwai wata matsala, amma mutum ya san yadda zai kauce mata fa?"

Na ce ai shi ke nan. Ban tambaye shi wace matsala ba, ina sauri injin ya tsaya. Amma kada a ɗora mini duka. Ni ban sani ba, shi ya sani. Ya ga gawar ubansa, ya ga yayansa ɗaure a gadon asibiti, ƙofar fita tana buɗe a gabansa, saura kwana talatin. Dabararsa ita ce ya bar kujeru huɗun duka ba kowa har shekara uku. Wata biyar ya yi hakan lafiya, sai ya ɗauka ya fi baƙon wayo. Ya sa hannu.

Abin da bai lissafa ba shi ne kirkin mutane. Matar da take raba tikiti a ofishin kulob ta daɗe tana ganin ambulan ɗin tikitinsa yana dawowa ba a buɗe ba, abin yana ba ta tausayi. Wasan farko bayan sa hannu, kulob ya shirya karrama shi, sai ta kira matarsa ta ce bai kamata a yi wannan rana ba iyali ba, ta zo ta karɓa, a yi masa ba-zata. Matar ta yi murna, ta yi wa Ƙarama kitso, ta sa mata riga mai lambar babanta. Ta san dokar kujera ta huɗu, don haka ta hana yarinyar hawa kanta. Ta zaunar da ita a ta uku.

An dawo daga hutun rabin lokaci aka samu bugun kwana ta ɓangaren layin iyali. Bahago ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya ɗaga kai. Ya ga matarsa tana ɗaga masa hannu. Ya ga 'yarsa, shekararta shida, ta karkata ta jingina kanta a kan iska, tana murmushi.

Dubban mutane sun ga abin da ya yi. Ya bar ƙwallon, ya tsallake allunan talla, ya hau matakala da takalmin wasa yana ture mutane yana kiran sunanta. Da ya ɗauke ta, kuncinta ɗaya sanyi ƙalau. Ta ce, "Baba, abokinka ya ce in riƙa zuwa kullum."

Kwana tara ta yi. Bayan an binne ta ya faɗa wa matarsa komai. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ranar da na roƙe ka ka ƙi, ka riga ka sani?" Ya ce e. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko takalman yarinyar ba ta bar masa ba.

Ya roƙi kulob a soke kwantiragin, suka ce takarda takarda ce. Ya koma bayan shagunan masu faci, ya tarar ɗakin cike da tayoyi, kuma ba wanda ya taɓa jin labarin wani boka. Lambar boka ta daina shiga, dillali ma ya canza tasa. Ƙafar hagun ta fara shanyewa, aka mayar da shi benci. Baƙon kuwa, da ya rasa abokin zama a sama, sai ya sauko. 'Yan wasa suka fara barin tazara tsakaninsu da Bahago, suna cewa wurin akwai sanyi. A mota haka, a wurin cin abinci haka. Albashinsa yana shiga duk wata, a gida mai ɗaki bakwai da ba mai shiga.

Ku matasan da kuke jefo mini riguna kuna zancen manyan kulob, ku buɗe kunne. Duk wanda ya ce zai ba ku abin da ƙafarku ba ta kai ba, ku tambaye shi wa zai biya, don ba ku ne za ku fara biya ba. Kwaɗayi bai kashe Bahago ba, da ya kashe shi da ya yi masa sauƙi. Ya bar shi da rai, da kuɗi, da sauran shekara biyu da wata bakwai a takarda.

Watan jiya ya zo wurina da la'asar, yana jan ƙafa, ya tsufa kamar sa'ana. Ya zauna a bencin nan ya ba ni labarin da na ba ku, tun daga farko har ƙarshe. Ina tsaye ina ji. Da ya gama ya matsa gefe, ya dafa wurin da ke kusa da shi.

"Kawu, zauna mana. Ko minti biyar. Na daɗe ban zauna da mutum ba."

Yaron nan ina ƙaunarsa kamar ni na haife shi. Amma ina da jikoki huɗu, kuma daga inda nake tsaye ina jin sanyin a ƙaurina. Na ce masa bari in kwashe wanki tukuna. Injin bai tsaya ba, ya gani, ni ma na gani. Ya jira kaɗan, ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, ya gode. Ya tashi ya fita, kuma a bakin ƙofa ya ɗan dakata ya riƙe ta a buɗe kafin ya sake ta.