Sawun Kasa a Rafin Marke

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na ɗaura warkina, na rataya kwari da baka, na soke barandami a ƙugu, na kwance karena Garwashi daga turkensa. Ruwan farko ya sauka jiya da la'asar, ƙasa sai ƙamshi take yi. A irin wannan rana kowane sawu fita yake a rairayi kamar an zana shi da tsinke. A bakin gari na tarar Cindo, ɗan ƙanin mahaifina, ya riga ni, yana tsaye da gorarsa da bindigar toka a kafaɗa. A gefensa kuma ga abin da ya hana ni jin daɗin tuwo shekara biyu cur, yana ta kaɗa mini wutsiya.

Bari in gaya muku asalin karen nan, don ku san inda ciwon yake. Karyata ce ta haife shi, ciki ɗaya da Garwashi. A gidanmu ga yadda ake zaɓen kwikwiyon farauta: ka kama fatar ƙeyarsa ka ɗaga shi sama. Wanda ya yi shiru ya naɗe ƙafafu shi ne jarumi, wanda ya yi kuka kuwa sai gadin akurki. Garwashi bai ce uffan ba. Shi kuwa ɗan'uwan nasa ya tsala ihu har da fitsari a hannuna. Na miƙa wa Cindo shi ina dariya, na ce ya kai wa maiɗakinsa ya riƙa taya ta lashe tukunya. Cindo ya karɓa ya yi godiya, ya raɗa masa suna Yasasshe.

To, Yasasshen nan shi ya zama kare. Hancinsa ba ya kuskure, ƙafarsa ba ta gajiya, a rani ɗaya ya kama gada goma sha ɗaya. Ranar taron maharba Sarkin Baka da kansa ya shafa kansa a gaban jama'a. Ni Makau, da na shekara talatin a dawa, ni da na koya wa Cindo yadda ake ɗaura tsirkiya, sai dai a tare ni a kasuwa a ce, “Wai da gaske kai ka ba da karen nan kyauta?” In yi dariya da haƙora kawai. Hassada na yi, ba zan sa mata wani suna ba. Duk lokacin da Cindo ya buɗe baki ya kira karen nan, ji nake da ni yake.

Akwai kuma ƙa'idar da muka gada: karen da haƙorinsa ya fara taɓa nama, mai shi ke da naman, sauran sai cinya. Tun da na ga Garwashi ba zai kamo ɗan'uwansa a hanci ba, sai na sake masa horo. Na koya masa, da yunwa da ɗanyen nama, cewa da zarar ya ji haushin Yasasshe ya bar duk abin da yake yi ya ruga ya riga shi sa baki. Wata uku ina wannan aiki a bayan gonata, inda ba mai gani. Ya kuwa koya, don Garwashi bai taɓa ƙi mini umarni ba.

Muka yi sallar asuba a kan wani fa, muka nausa cikin daji. Raɓa ta jiƙe mu har gwiwa, fakara na kuka a cikin sabara, shinge sun fito daga suri fukafukansu sun rufe hanya. Ranar ruwan farko ranar nama ce, amma ranar macizai ce kuma, don zafi ya kore su daga ramuka, kwaɗi sun fito, su ma sun biyo abinci. A nan kam ba ni da na biyu a garinmu. Mahaifina ya zaunar da ni ya koya mini su ɗaya bayan ɗaya, Cindo kuwa nasa mahaifin maƙeri ne, karnuka kawai ya sani.

Ba mu yi nisa ba na ji wani sauti a gindin geza, kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya. Na daka wa karnuka tsawa, na nuna wa Cindo da bakin baka. Kububuwa ce, ba ta kai kamu ɗaya ba, ta naɗe tana goga jikinta da jikinta. Na ce masa ita ƙanƙantarta ke ruɗar kare, ya ɗauka abin wasa ne, jini kuwa ba ya tsayawa in ta sara. Can gaba wani kore shar ya sulale a reshen kalgo, Cindo ya ɗaga gora, na ce ya bar shi, damatsiri ne, tsoronmu yake ji. Kumurci kaɗai ba mu gani ba, mai fasa kai ya tofa wa kare dafi a ido. Cindo ya girgiza kai ya ce, “Yaya, in ba kai a daji, ai da tuni na yi asara.” Maganar ta yi mini daɗi, amma daɗin bai wuce maƙogwaro ba.

Da hantsi Yasasshe ya tsaya cak, hanci a ƙasa, sai ya ɓace cikin ciyawa. Muka ji haushi sau ɗaya. Garwashi ya fita kamar kibiya, ni ma na bi ina addu'a a raina. Ko da muka isa, gada na kwance, Yasasshe na riƙe da maƙoshinta, nawa kuwa yana zagaye yana haki, ya makara. Cindo ya yanka, ya feɗe, ya cire cinya ya miƙo mini da hannu biyu. “Ga naka, Yaya.” Da ladabi ya faɗa, ladabin kuma ya fi zagi ƙona ni. Na jefa ta a burgami ban ce na gode ba.

Rana ta take tsaka muka gangara Rafin Marke don karnuka su sha ruwa. Rafin bai kawo ba, sai damshin rairayi da 'yan kududdufai. A nan na gan shi. Sawu ne mai faɗin tafin hannu, miƙe sambal kamar an ja taɓarya, da wani siririn layi a tsakiya inda bakin wutsiya ya karta. Ya haura gaɓa ya shige ƙarƙashin tarin busasshen ganye a gindin wani marke da ya faɗi. Sabo ne fil, ko bushewa bai fara yi ba. Sawun kasa ne, macijiyar nan mai mugun dafi, kuma babba. Ita ba ta gudu, ba ta kaucewa, kwanciya take cikin ganye kalar jikinta har sai ka kawo kanka.

Cindo ya durƙusa yana murna. Tsuntsaye sun tattaka gefen sawun, sai ya ɗauka sawun ƙafafun abin ne. Ya ɗago ya dube ni.

“Yaya, damo ne ko? Ga jan wutsiyarsa nan.”

Damo yana barin sawun farata dama da hagu, kuma wutsiyarsa karkacewa take, yaro ma a gidanmu ya san wannan. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Na dubi Yasasshe yana lasar ruwa, da jinin gada a gemunsa, na tuna hannun Sarkin Baka a kansa, na ji nauyin cinyar nan a burgamina.

Na ce, “Da alama.”

Sai na sunkuya na zura wa Garwashi igiyar fata a wuya, na naɗe ta a hannu.

“Me ya sa kake ɗaure shi?” in ji Cindo.

“Ƙaya ya taka. Ɗingishi yake yi.”

Cindo ya ce Allah ya sawwaƙe, ya yi wa karensa fito, ya nuna masa sawun. Yasasshe ya haura gaɓar a guje. Ina kallo, amma ban kira shi ba. Saura taku uku ya isa ganyen sai ya ja birki, gashin bayansa ya miƙe, ya ja da baya. Hancin nan da nake baƙin ciki da shi ya gaya masa abin da ni na ƙi faɗa. Ya buɗe baki ya yi haushi.

Haushin da na shafe wata uku ina koya wa Garwashi ke nan. Ya fizga da dukan ƙarfinsa, igiyar ta jiƙe da ruwa, ta zame ta ƙone mini tafi ta fita. Na ƙwala masa kira, na kira shi har muryata ta tsage. Bai waiwayo ba, don ni na hore shi kada ya waiwayo. Ya wuce ɗan'uwansa yana jan igiya, ya cusa hanci cikin ganyen. Muka ji huci kamar zugazugin maƙera, ganye ya watse, wani faffaɗan kai ya fito ya koma kafin ƙiftawar ido. Garwashi ya yi ƙara guda ɗaya. Ban taɓa jin kukansa ba tun ranar da aka haife shi, sai ranar.

Cindo ne ya kashe ta, duka uku da gora. Kaurinta ya kai dantsena. Ni ina durƙushe da kan Garwashi a cinyata, ga huda biyu a ƙasan kunnensa suna tsattsafo da baƙin jini. Na zazzage garin saiwar maganin dafi da nake yawo da shi a ƙaho, na shafa, na ɗura masa, ina sane cewa saran kasa a wuya ya fi ƙarfin garin nan. Kafin mu ankara fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Cindo ya jefar da gadarsa a nan, ya tuɓe rigarsa muka yi makara da ita da gora, wai ko za mu kai bakin titi mu sami mota zuwa wurin likitan dabbobi. Tafiyar awa uku ce. Muka yi ta gudu-gudu sauri-sauri cikin ƙaya, Yasasshe na biye yana lasar ƙafar ɗan'uwansa da ke reto.

Ba mu kai rabi ba numfashinsa ya fara yin gurnani. Muka sauke shi a inuwar taura. Ya buɗe idon da ya rage ya dube ni, ya buga wutsiya a ƙasa sau biyu, irin yadda yake yi in ya tabbata ya yi abin da na sa shi. Shi ke nan. Na yi kuka, gemai-gemai da ni, ban ji kunyar Cindo ba.

Da barandamina muka haƙa rami. Cindo ya ce in huta, shi zai sa shi a ramin. Na ga ya daɗe a durƙushe, yana juya gawar a hankali, kafin ya tura ƙasa ya jera duwatsu saboda kura. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya kwanto igiyar fatar nan, ya naɗe ta tsaf ya miƙo mini da hannu biyu, kamar yadda ya miƙo cinya ɗazu.

“Na duba ƙafafunsa duka huɗu, Yaya,” ya ce. “Babu ƙaya.”

Ya saɓa bindigarsa, ya kira karensa, suka shige gaba, na bi su a baya har gida.

Yau shekara huɗu ke nan. Cindo bai gaya wa kowa ba, ko maiɗakinsa. A gari cewa ake Garwashi ya mutu yana kare ɗan'uwansa, har ana yi mini jaje. Kullum muka haɗu yana rusunawa ya gaishe ni, amma bai sake tsayawa jirana a bakin gari ba. Duk ranar da Yasasshe ya yi kamu kuwa, da magariba za a yi sallama a zaurena, in leƙa in ga Cindo da cinya a hannu. Ina karɓa. Har yau ban iya kai ta bakina ba.