Shamuwar Ƙarfe

A wani gari can, an yi wata mata da ta rasa abu biyu a shekara guda: mijinta mai walda, da rumfarsa ta bakin kasuwa. Sarkin kasuwa ne ya karɓe rumfar, wai mace ba ta walda. Abin da ta samu shi ne injin marigayin da tulin tsofaffin fartanyoyi da laujuna.

Ɗan gwangwan ya zo ya taya su a kilo. Ta ce, "Albarka."

Ta jawo injin tsakar gida, ta shiga ƙera shamuwa, yadda ta sha ganin mijinta yana haɗa ƙarfe. Laujuna suka zama fukafukai, almakashi ya zama baki. Ta tsayar da ita, ta faɗi. Ta sake, ta faɗi. Tartsatsi ya huda mata zane, idanunta suka yi jajir, amma ba ta bari ba. Da ta yi mata ƙafafu da dagi biyu, sai shamuwa ta tsaya ƙyam, kanta yana leƙen waje ta saman katanga.

Gari ya taru kallo, har da sarkin kasuwa.

Ya ce, "Baiwar Allah, tsuntsuwar nan da kasuwarmu ta dace. Buhun gero biyar?"

"Albarka."

"To, na ƙara saniya."

"Albarka, ranka ya daɗe. Ai mace ba ta walda, me za ka saya?"

Mutane suka kwashe da dariya. Ya share gumi ya ce, "To, faɗi da bakinki."

Ta ce, "Rumfar maigidana. A kafa shamuwa a ƙofarta, ni da injina a ciki. In ka yarda, na sallama."