Tsohon Hoton Auta

Auta na tsaye a falo tana guga sai ga babbar yayar Malam, saurayinta, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta dangwara waya a kan tebur.

"Wace ce wannan?"

Auta ta duba hoton da ke kan wayar. Ita ce tana shekara goma sha biyar, leɓenta na sama a tsage har hanci, yadda aka haife ta. Sai bayan sakandare likita ya ɗinke mata shi.

"Ni ce, Yaya."

"To Hajiyarmu ta gani. Ta ce an canza halitta, an rufe mu — gobe ki haifa mana irinki. A dakata da maganar aure."

Da yamma Malam ya zo, kansa a ƙasa.

"Tun ranar farko kin faɗa min, ni ne na yi shiru a gida."

"Shirunka ne ya mayar da ni maƙaryaciya, Malam," ta ce, hawaye na zuba.

Wata huɗu magana na yawo. Abin da ya fi ci mata rai, waɗanda suka riƙa yi mata dariya a makaranta su ne yanzu ke cewa, "Da ta haƙura da yadda Allah ya yi ta." Ƙawarta ta ce, "Ki yi bulokin ɗinsa a waya kawai, ki huta." Ta ƙi. Kullum Malam na lallashin Hajiya, Hajiya ta kafe.

Ran nan Auta ta nemi izinin Mama, ta je da kanta ta durƙusa a gaban Hajiya.

"Hajiya, shekara goma sha takwas ban ci abinci a gaban mutane ba. Ko dariya sai na rufe baki. Ba kyau na je nema ba, sauƙi na nema."

Kakar Malam ce ta yi gyaran murya daga kan darduma, ta dubi Hajiya.

"Ni da likita ya kankare min yanar ido, waye ya ce na canza halitta? Jikoki kuwa, ba ke kike rabawa ba."

Haka Auta ta tashi ta koma gida. Bayan sati biyu Hajiya ta kira ta da kanta.

"'Yata, ki yafe min. Hoto na duba, ban dube ki ba."

Aka sa rana.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Kafin ka yanke wa mutum hukunci kan jikinsa, ka fara jin abin da ya sha a cikinsa.