Sunan Mai Kwamfuta

Ana gab da magariba na jawo ƙofar shago rabi, na zauna da kwamfutar Auta. Ƙanwata ce. Shekara biyu ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta, duk duniyarta ta koma kan allon nan. Tun da safe ta kafa min doka.

"Yaya, ka cire min tsarin nan mai nauyin tsiya. Ka sa min na kyautan nan, wanda taga ke rawa in an ja ta, in an rufe ta kuma ta kama da wuta."

"Ke dai da son ƙyale-ƙyale," na ce.

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma ina da ƙa'ida: duk tsarin da zan ɗora wa kwamfuta, sai na gwada lambar hatiminsa da ta waɗanda suka rubuta shi, don in tabbatar ba jabu ba ne. Biyu na gwada a ranar. Na farko garau yake, amma ba ado ko kaɗan. Na biyu ya iya rawa, sai dai fanka ta dinga gurnani, kwamfutar ta ɗau zafi. Na uku yana kan wani filas da na tsinta a aljihun tebur, ban san wanda ya bar shi ba. Na ga rana na faɗuwa, na ce hatimi yau ya yi haƙuri. Kaicona!

Wallahi ya haɗu. Tagogi shara-shara, kowace da inuwarta, suna kaɗawa kamar shanya a igiya. Fanka ko tari ba ta yi ba. Ya tambayi sunan mai kwamfuta, na rubuta na Auta. Ya tambayi sunan uwa. Na yi tsaki, na rubuta.

Sai wata taga ta buɗe da kanta.

Ɗakin Auta ne. Ga gadonta, ga kekenta a jingine, ga kofin magani. Tana kwance tana danna waya. Babu kyamara a ɗakin nan, ni na ja wayoyinsa da hannuna.

Inuwar tagar ta zame, ta shiga cikin hoton, ta miƙe tsaye a bakin gado.

Titi ya yi tsit. Injin maƙwabcina mai walda ya mutu. Na ji ƙauri, irin na gashi.

Na kai hannu zan rufe tagar, sai na tuna abin da ke samun taga in an rufe ta. Gefenta har ya fara ja.

Na kira wayarta.

"Auta," na ce ƙasa-ƙasa, "kar ki juya."

"Yaya, ɗakin nan zafi," ta ce da raɗa. "Wa ka aiko?"

Na zare filas. Taga na nan. Na fizge wayar wuta, na ɓalle batir. Allo ko ƙiftawa bai yi ba.

Inuwar ta sunkuya a kan Auta.

Ina jero duk addu'ar da ta zo bakina, na shiga wurin suna. Na goge nata, harafi bayan harafi. Ya ƙi yarda a bar wurin babu kowa.

Na rubuta nawa. Sunan uwa ban taɓa shi ba, ai ɗaya ce.

Inuwar ta ɗago. Ba ta da fuska, amma na san ni take kallo.

Allo ya mutu.

Wani abu ya sauke numfashi mai ɗumi a ƙeyata.

Yadda na fita ban sani ba. Mai walda ya ce a bakin kwata ya tsince ni, ba takalmi.

Na farfasa kwamfutar da guduma, na haɗa wa Auta wata, na ɗora mata tsarin farkon nan marar ado. Ta yi mita har ta gaji. Lafiyarta ƙalau. Ni kuwa duk ɗakin da rana ta faɗi ina ciki, sai ya ɗau zafi da ƙauri. Na koma kwana a shago, don kar abin ya bi ni gida. Maganinta daga ƙofar gida nake miƙa wa Umma, in juya.

Jiya Auta ta kira ni.

"Yaya, wata huɗu ba ka leƙo ni ba. In gajiya ka yi da ni, ka faɗa min kawai."

Zuciyata ta karye, amma na ce mata aiki ne ya yi min yawa. Sai ta kashe wayar.