Kawun da Ke Cikin Fim

Duk ranar Lahadi bayan la'asar, falon gidan su Desrina da ke Payakumbuh gidan kallo yake komawa. A shimfiɗa tabarma, a kawo soyayyar ayaba da kofi, rimot kuwa ba mai taɓa shi sai Mamak Syafril, yayan mahaifiyarta. Tun ranar da Desrina ta saka masa manhajar fina-finai a talabijin, ya gano tsofaffin fina-finan ƙuruciyarsa masu baƙi da fari suna nan jibge a ciki, gidan bai sake hutawa ba. In yana kallo ko tari ba ka isa ka yi ba, amma shi yana da damar yi wa 'yan wasa faɗa har da nuni da yatsa.

Wannan Lahadin Desrina ta kasa zaune ta kasa tsaye, domin saurayinta Afdhal zai zo gaisuwa karon farko. Malamin makaranta ne, sun haɗu a ƙungiyar masu kallon fim tun suna jami'a. A garinsu dangin mace ke zuwa neman miji, kawu ne kuma ke gaba. In Mamak bai taka zuwa gidan su Afdhal ba, to babu maganar aure.

Ta tare Afdhal a bakin ƙofa, ta kira shi Uda, yadda 'yan matan garinsu ke kiran saurayi. "Uda, don Allah ka kama bakinka. Na san halinka in an kunna fim."

"Haba, ni? Ko uffan ba za ki ji ba."

Aka gaisa lafiya lau, har Mamak ya tura masa farantin ayaba. Fim ɗin ranar labarin wata yarinya ne da ke son ɗan tela, kawunta ya ce atafau, yaron ya hau jirgin ruwa ya bar gari. Afdhal ya daure, ya ƙara daurewa, yana ta mutsu-mutsu. Da aka nuno yarinyar kwance tana jinya, sai ya manta a gidan wa yake.

"Kai! Wannan kawu azzalumi ne wallahi! Irinsu ne ke kashe 'ya'yan mutane da sunan al'ada!"

Mamak ya tsayar da fim, ya ajiye rimot a hankali.

"Ashe haka kake ganin kawunnai," in ji shi. "To, madalla. Gara da na ji tun da wuri." Ya zura takalmansa ya fice.

Washegari ya aiko da magana: ƙafarsa ba za ta taka gidan yaron da bai san darajar manya ba. Desrina ta ci kuka har idanunta suka kumbura. Mahaifiyarta ta je roƙo, ya ce da ita in ta sake tayar da zancen shi da gidan har abada.

Afdhal ya kira ta a waya, murya a sanyaye. "Sori, Rina. Na kwafsa."

"Ka kwafsa? Ai ka ƙona tukunyar gaba ɗaya! Ba na ce ka yi shiru ba?"

"Saurara mana. A shari'a babanki ne waliyyi, ba Mamak ba. Mu tafi birnin Pekanbaru a ɗaura kawai, daga baya ya huce."

Zuciyarta ta so hakan, ba ƙarya. Amma ta tuna Mamak ne ya riƙa kai ta makarantar allo a kan kekensa. "A'a, Uda. Ba zan shiga gidan aure ta bayan idonsa ba. In kana sona, ka jira."

Haka watanni suka shuɗe. Kowace Lahadi Desrina ta dafa kofi ta zauna gefen kawunta, fuska ba yabo ba fallasa. Sai dai kallon ya lalace. Mamak zai ce, "Kun ga shirmen da wannan jarumin ya yi?" kowa ya ce, "Haka ne, Mamak." Ta lura wannan "haka ne" na ci masa rai, domin shi mutum ne mai son gardama fiye da abinci.

Wata rana ta ce da Afdhal, "Ka zo. Kada ka zo da dogon bayani. Ka roƙe shi ku ƙarasa fim ɗin nan, ka kuma bar shi ya yi magana."

Ya zo, ya durƙusa, ya sumbaci hannun Mamak. "Na yi rashin kunya, a gafarce ni. Fim ɗin ma ban ga ƙarshensa ba na yanke hukunci. Ina roƙon Mamak ya nuna mini abin da ban gani ba."

Mamak ya harare shi. Ya so ya kore shi, amma a ce ga ɗalibi ya kawo kansa? Ya jawo rimot. "Zauna. Ku yaran yanzu fim ɗinku duk harbe-harbe ne da gudu da mota, ina za ku gane magana?"

Aka kunna. Mamak ya riƙa tsayarwa yana sharhi, ya ma manta yana fushi.

"Dubi fuskarsa! Wannan fuskar mugu ce? Tsoro yake ji. In auren ya lalace, gaban wa yarinyar za ta dawo? Gabansa!"

"Gaskiya ban lura da wannan ba," in ji Afdhal. "To amma Mamak, me ya sa ƙarshen ya yi muni haka?"

"Yauwa, yanzu ka yi tambaya! Kuskurensa ɗaya ne tak. Ya tara dattawa, ya tambayi uwar, ya tambayi liman, amma tun daga farkon fim har ƙarshe bai taɓa kiran yarinyar ya ce, ke me kike so ba. Wane irin kawu ne zai—"

Maganar ta maƙale. Hannunsa na sama da rimot, ya juyo a hankali. Desrina na tsaye da butar kofi, hawaye na zuba a kumatunta.

Mamak ya yi gyaran murya. Ya sake yi. "Rina, zo nan." Ta durƙusa gabansa. "Ke me kike so?"

"Shi nake so, Mamak. Amma da hannunka nake so ka ba ni."

Tsohon ya share ido da gefen hularsa, ya ce wai hasken talabijin ne. Sannan ya ɗaga murya ya kira ƙanwarsa: "Ke, Yusnidar! A sanar da dangi, Juma'a za mu gidan su wannan mai dogon bakin!"

Gidan ya kaure da shewa. Desrina ta rungume mahaifiyarta tana dariya tana kuka, farin cikin da ba ta taɓa jin irinsa ba.

Da ta bi gajeriyar hanya, da ta sami miji ta rasa kawu. Ta yi haƙuri, ta sami duka biyun. Yaro ya koyi tauna magana a gaban manya, babba kuma ya tambayi na ƙasa da shi kafin ya yanke masa hukunci.